Pawa saflai na tsohuwar kwamfuta: fankar ta juya sau ɗaya ta tsaya, ina na yi kuskure?

Ɗan Hotoro

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masana a taimaka min kafin in ƙona wa Umma ɗaki. Kawuna ne ya rufe shagonsa na buga takardu sai ya bar min tsofaffin kwamfutocin tebur guda 3 da suka daɗe a ƙarƙashin benci suna shan ƙura, cikinsu duk ya mutu amma akwatin ƙarfen nan na baya mai fanka, pawa saflai ɗin, na ga kamar lafiyarsa ƙalau. Ni kuma ina ɗan koyon haɗe-haɗe da Arduino, ɗan ƙaramin allon nan da ake ba umarni ya sarrafa na'urori, da fitilun LED da ƙananan motoci, kullum cikin neman adafta nake, yau mai bolt 5 gobe mai 12, teburina ya koma kamar shagon cajin waya, to sai na ce me zai hana in mayar da ɗaya ya zama min mashayar wuta guda ɗaya a kan tebur.

Abin da na yi shi ne na ciro ɗaya na sa almakashi na datse babban filogin nan mai ƙafa 24, na ware wayoyin kala-kala, rawaya gefe, jajaye gefe, ruwan lemo gefe, baƙaƙe gefe, sauran da ban san aikinsu ba na naɗe bakinsu da tef. Na haɗa koriyar waya da baƙa don ya tashi kamar yadda wani abokina ya faɗa min, ina sa wuta fanka ta yi fir sau ɗaya ta tsaya cak. In na zare na jira kaɗan na mayar haka za ta sake yi. A jikin takardar an rubuta wat 300, bolt 12 amfiya 15, bolt 5 amfiya 25, sai 3.3 amfiya 18. Shin mataccen ne ko ni ne na ɓata? Sannan in ya tashi zan iya cajin batirin UPS ɗina mai bolt 12 da shi? Kuma ina so in buɗe murfin in huda ramuka in sa ƙusoshin ɗaura waya ya yi kyau, akwai matsala? Ngd.

Baba Mai Rediyo

Wa alaikumus salam ɗana. Tambayarka ta ƙarshe zan fara amsawa don ita ce mai kisa, sauran duk asarar kuɗi ce kawai. Kada ka buɗe tukuna. A cikin akwatin nan akwai manyan kwandansa masu adana wuta, a tsofaffin irin naka yawanci guda biyu ne masu bolt 200 kowanne, a sababbi kuma ɗaya ne ƙato mai 400 ko 450. Wutar gidanmu bolt 230 ce, in aka juya ta ta zama DC, wato irin wutar batir, tana haura 320, kuma kwandansar nan tana iya riƙe ta bayan ka zare filogi. Wasu suna da rizista, ɗan abin da ke rage gudun wuta, da ke tsiyaye wutar a hankali, wasu rizistar ta daɗe da mutuwa kai ba ka sani ba. Ni na fara aiki tun zamanin talabijin mai ƙusumbi, kuma har yau akwai tabo a ɗan yatsana na dama daga ranar da na ce ai an ɗauke wuta tun ɗazu. Har farantin alminiyon nan da ke shanye zafi a ɓangaren shigowar wuta, a wasu na'urorin akwai wuta a jikinsa, yara suna ganin ƙarfe ne kawai su dafa.

In ya zama dole sai ka buɗe, zare filogi, bar shi ya huta, ɗora mita a DC mai 600 ko 1000 ka auna ƙafafun kwandansar da hannu ɗaya, ɗayan hannun ka sa shi a aljihu. In da saura ka tsiyaye ta da rizista, ba da sukundireba ba kamar yadda yaran kasuwa suke yi don jin ƙarar. Amma ni shawarata ka bar murfin a rufe, wayoyin ai sun riga sun fito waje, nemi ƙaramin akwatin roba ko katako ka huda shi ka sa ƙusoshinka a can. In ka huda murfin ƙarfe garin ƙarfen yana zuba cikin bod, nan ma wata fitinar ce.

Batun fanka kuwa, ba lalle mataccen ba ne. Ai da ya mutu ko motsi ba za ta yi ba. Yana tashi ne ya duba ya ga wani abu bai yi masa ba sai ya kashe kansa, kuma ba zai sake tashi ba sai ka raba koriyar ko ka zare wuta, haka aka yi su. Ko dai akwai inda wayoyinka suka taɓa juna, ko kuma yunwa yake ji. Irin waɗannan tsofaffin ba sa son tashi babu kaya a kansu. Samo rizista om 10 mai wat 10, farar nan mai kama da alli, ka sa tsakanin ja da baƙa. In babu, ka je wajen mai wayarin ɗin mota ya ba ka ƙwan sigina mai wat 21 ka sa a nan, zai yi ja-ja kawai ba zai haska sosai ba, ya isa. Gwada ka dawo mana da labari.

Gwanin Ƙona Kaya

Kafin komai juya bayansa ka duba ko akwai wani ɗan jan makunni da aka rubuta 115 da 230. Wlh ka tabbata yana kan 230. Kwamfutocin gwanjon da ake kawowa daga Amurka da yawa a kan 115 suke zuwa don wutar can kenan. Ni nawa na farko ban duba ba, ina sa filogi na ji tau kamar an harba bindigar toka, hayaƙi ya cika ɗaki, ƙanwata ta fita da gudu tana salati, warin nan ya kwana biyu a labule. Tun da naka bai fashe ba ƙila daidai yake amma sauran biyun da ba ka gwada ba fa? Ni tun daga ranar in na gyara makunnin sai in ɗiga masa gam don kada wani yaro ya yi wasa da shi.

Malama Injiniya

Baba ya gama magana a kan kwandansa, ba ni da abin ƙarawa. Bari in ɗan faɗaɗa a kan yunwar da ya ce, don in ka gane dalilin ba sai ka yi ta haddar om 10 kamar karatun allo ba.

Wannan tsarin sunansa ATX, kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995, kuma kwamfutocin wancan lokacin bolt 5 suka fi ci. Dubi takardarka ma, amfiya 25 a kan bolt 5 amma 15 kawai a kan 12, wannan ya nuna tsohon zubi ne. A irinsu bolt 5 da bolt 12 daga tiransifoma ɗaya suke fitowa kuma ido ɗaya ne yake gadinsu tare, so in ka ja wuta da yawa daga 12 alhali 5 yana zaune haka nan, sai 12 ɗin ya sauka 5 ya hau, in abin ya yi yawa mai gadin ya kashe komai. Shi ya sa ake ɗora ɗan kaya a kan 5. Lissafin kuma mai sauƙi ne, bolt 5 a raba da om 10 ya ba ka rabin amfiya, ka ninka da 5 ya zama wat 2.5, rizistar za ta yi zafi da za ka ji a hannu don haka kada ka jingina ta da roba, ɗaure ta inda iskar fanka ke bugawa. Sababbin pawa kuwa kusan komai 12 suke yi sannan su sauke 5 da 3.3 daga jikinsa, da yawansu ko kaya ba sa nema.

Kalolin da ka naɗe da tef kuma: shuɗiya ita ce bolt 12 na ƙasa da sifili, amma raguwa ce, ba ta kai ko amfiya 1 ba, duba takardarka za ka gani. Mutane suna haɗa ta da rawaya su samu 24 su yi ta murna, eh mita za ta nuna 24 amma ka sa mata mota ka ga yadda za ta durƙushe. Ruwan toka alama ce kawai da ke cewa wuta ta daidaita, sa mata LED da rizista om 330 ta zama maka fitilar shaida. Mai launin shunayya bolt 5 ce da ba ta barci, muddin filogi na jikin soket akwai wuta a jikinta ko da fanka a kashe take, tana ba da kamar amfiya 2, ta ishi Arduino ɗinka shi kaɗai ba tare da ka kunna babban ba. In ka ga fara, tsohuwar bolt 5 ce ta ƙasa da sifili, an daina sa ta tuntuni.

Abin da ya fi damuna da masu fara wannan aikin ba kwandansa ba ne ma, don ita kowa yana tsoronta. Amfiya 25 ɗin nan ce. Adaftar da ka saba da ita in ka yi kuskure a kan bod ɗin gwaji sai ta gaji ta sauke wuta, shi wannan ba ya gajiya. Siririyar wayar nan da kake sokawa a bod in ta haɗe, shi a wurinsa ƙila bai ma ga abin ya kai ya kashe kansa ba, zai yi ta turo wuta har robar ta narke a hannunka. Na ga ɗalibi ya yi haka, wayar ta yi ja kamar garwashi. Don haka kowane layi ka sa masa fiyus, irin na mota masu kala ɗin nan sun yi, amfiya 1 ko 2 don ƙananan ayyuka, sai in za ka sa babban abu ka canja. Kuma kada ka ɗauki rawaya ɗaya tal ka ce ita za ta ɗauki amfiya 15, an yi su da yawa ne don su raba nauyin, murɗe uku ko huɗu wuri ɗaya, baƙaƙen ma haka.

Batir kuwa a'a. Batirin da ake ce wa mai bolt 12 in ya cika yana kusan 12.7, kuma don ka tura masa wuta sai ka ba shi tsakanin 13.8 da 14.4. Ruwa ai ba ya hawa tudu. Ƙa'idar ATX ta yarda layin 12 ya yi yawo daga 11.4 zuwa 12.6, ka ga ko a ranar da ya fi ƙoshi bai kai ba. Zai ɗan ɗaga mataccen batir ya tsaya a rabi, batirin da kuma yake zama a rabi kullum shi ne yake saurin lalacewa.

Mai Sola

Malama da girmanki amma ni fa da irin wannan nake cajin batir shekara biyu kenan. A tsofaffin akwai IC ɗin nan mai sarrafa bolt, TL494 ko KA7500, in ka bi ƙafarta ta 1 ka canja rizistar da ke komawa can sai bolt ya hau, nawa 14 yake bayarwa cif. Ba sai an sayi komai ba, talaka ai da dabara yake rayuwa.

Malama Injiniya

Yaya Mai Sola ban ce ba ya yiwuwa ba, na san ana yi, amma ka faɗa masa sauran mana. Kana ɗaga 12 sauran layukan ma suna hawa, mai gadin ya ga 5 ya wuce iyaka ya kashe, daga nan sai a ce maka cire mai gadin, to ka ga an koma na'ura mai wat 300 babu birki. Sannan kwandansar da ke layin 12 yawanci masu bolt 16 ne, ga su sun tsufa, ka kai su 14 a zafin Afrilu. Kuma duk wannan sai an buɗe ciki an yi aiki da dalma kusa da inda Baba ya ce kada ya taɓa. Kai ka shekara nawa kana wannan sana'ar, shi kuma jiya ya datse filoginsa na farko.

Ɗan Hotoro in cajin kake so, akwai ƙananan bod da ake sayarwa masu ɗaga wuta da sauke ta, ka nemi mai sukurori biyu, ɗaya na bolt ɗaya na amfiya, ka ba shi 12 daga rawaya ka saita 13.8 ka taƙaita amfiyar, ɗan batirin UPS mai 7Ah kada ka wuce masa kamar amfiya 1. Ka lura cikin waɗannan bod ɗin LM2596 da XL4015 saukewa kawai suke yi, su ne za su ba ka 9 ko 6 ko 7.5 in kana so, XL6009 shi ne mai ɗagawa amma wanda aka fi samu ba shi da sukurun amfiya, sai ka duba da kyau kafin ka biya. Batirin litiyom 18650 kuma ko da wasa kada ka haɗa kai tsaye, ɗan bod ɗin caji TP4056 za ka sa a kan layin 5, ita ta san ta tsaya a 4.2.

Mai Sola

To na ji Malama, amma nawa dai bai fashe ba har yanzu lol. Gsky mai gadin na cire, ban musa ba. A tsakar gida nake ajiye shi in yana aiki.

Ɗan Hotoro

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Jan makunnin na duba, nawa yana 230, amma cikin sauran biyun ɗaya wlh a kan 115 yake, Gwani ka cece ni. Na je na samo ƙwan sigina na sa tsakanin ja da baƙa, na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya babu inda suka taɓa juna, na kunna, ƙwan ya ɗan yi ja fanka ta juya kamar daƙiƙa biyu ta sake tsayawa. Na auna shunayyar tana ba da 5.1 lafiya lau. Na fara tunanin in jefar da shi in ɗauko na biyu, wannan karon ba zan datse komai ba.

Baba Mai Rediyo

Dakata ɗana kada ka jefar. Filogin da ka datse yana nan ko ka zubar? Ɗauko shi ka duba ramukan da ruwan lemo suka shiga, za ka ga wani rami ɗaya da wayoyi biyu suka shiga tare, ɗaya mai kauri ɗaya siririya, siririyar wani lokacin ruwan ƙasa ce wani lokacin ita ma ruwan lemo ce. A mai ƙafa 24 rami na 13 ne. Wannan siririyar ba wuta take kawowa ba, ɗan aike ce, ita take komawa ta faɗa wa na'urar nawa 3.3 ɗin ya iso. Da ka sa almakashi ka raba su, sai ta koma tana cewa babu komai, shi kuma ya yi ta ƙara wuta har ya ga ya wuce ya kashe kansa. Ina kyautata zaton tana cikin waɗanda ka naɗe da tef. Haɗa ta da ruwan lemo. In ka ga wata siririyar ja ko baƙa da ita ma ta shiga rami ɗaya da 'yar'uwarta, ita ma mayar da ita wurin danginta. Laifina ne da ban tambaye ka tun farko ba, tsufa.

Kuma da za ka ɗauko na biyun, ka duba asalin kwamfutar da ya fito. Wasu tsofaffin Dell na wajajen shekarar 2000 filoginsu iri ɗaya ne da na kowa amma jerin wayoyin daban ne, sannan ƙananan kwamfutocin ofis na baya-bayan nan na su HP da Dell da Lenovo da yawa 12 kawai pawarsu take fitarwa da wani ɗan filogi nasu na kansu. A irin waɗannan kada ka yarda da kala, mita ce shaida.

Ɗan Hotoro

Allahu akbar Baba ya tashi!!! Ruwan ƙasar ce wlh, tana nan a naɗe cikin tef ni na ɗauka ba ta da amfani. Ina murɗe ta da ruwan lemo fanka ta kama juyawa har yanzu ba ta tsaya ba kusan awa ɗaya kenan. Mita ta nuna 12.2 a rawaya, 5.08 a ja, 3.34 a ruwan lemo. Na gwada cire ƙwan don in gani, bai mutu ba amma 12 ɗin ya sauka zuwa 11.7 da na sa masa zaren LED mai mita 5, ina mayar da ƙwan ya dawo, ashe abin da Malama ta faɗa kenan na gani da idona. Fiyus gobe in sha Allah zan shiga Sabon Gari in sayo da akwatin roba, yau dai ban haɗa Arduino ba, na ji tsoron garwashin nan.

Wata tambayar kuma ku yi haƙuri, akwai tsohuwar rediyon mota a gidanmu mai cin filashi, ina so in sa ta a ɗaki. Na ga ita ma tana da rawaya da ja da baƙa a bayanta, kawai in haɗa kala da kala ko?

Gwanin Ƙona Kaya

Kai a'a tsaya. Jar rediyon mota ba bolt 5 ba ce, ita ce mai zuwa makulli, 12 take so ita ma. Rawayar rediyon da jar rediyon duka biyun ka haɗa su a rawayar pawa, baƙa a baƙa, jar pawa kada ta je wurin ko kusa. Sai dai duk sanda ka kashe za ta manta tashoshin da ka saita da agogo, don a mota rawayar nan kullum a jikin batir take. Kuma in ka ƙure murya ka ji ta ɗauke ɗif lokacin da ganga ta buga, ba lalacewa ta yi ba, ƙara wayoyin rawaya ka bar ƙwan nan a kan 5. Fiyus ɗin wannan layin sayo mai amfiya 10, mai 2 ɗin da Malama ta ce ba zai kai ƙarshen waƙa ɗaya ba.